Tarihin Tsirrai Masu Shan Ƙarfe

Tun da daɗewa, kafin wani ya yi zaton akwai tsiron da zai iya tsotse guba daga cikin ƙasa, mahaƙan ma'adinai na ƙasashen Turai sun riga sun lura, bisa ga doguwar jarrabawa irin ta masu sana'a, cewa ciyawar da ke tsirowa a kan jijiyar ma'adini ba ta kama da 'yar'uwarta da ke nesa da wurin. Kuma daga wannan lura tasu, wadda kwaɗayin abin da ke cikin ƙasa ne ya haife ta, aka sami asalin wani fanni na ilmi da ake jarrabawa yau wajen gyaran gonakin da haƙar ma'adinai ta ɓata. Likitan nan Bajamushe, Georgius Agricola, wanda ya yi zama yana duba marasa lafiya a garin mahaƙan azurfa na Joachimsthal cikin ƙasar Bohemiya, ya tattara abin da ya gani da abin da ya ji daga bakinsu a littafinsa De Re Metallica, wanda aka buga a 1556, shekara guda bayan mutuwarsa. A ciki ya bayyana cewa inda jijiya ta ratsa, ciyawa takan tsumbure ta koɗe, ganyen itatuwa kuma ya ɗauki wani launi mai kama da na dalma.

Sai dai wannan alama ce ta tsiron da ƙarfe ya wahalar. Abin da ya fi ban ta'ajibi shi ne tsiron da ƙarfe bai dame shi ba, bal ma ba a cika ganinsa ba sai inda ƙarfen yake. A 1583 malamin tsirrai na ƙasar Italiya, Andrea Cesalpino, ya ambaci wata 'yar ciyawa da ba ta rabuwa da baƙaƙen duwatsu na lardin Tuskani, alhali sauran tsirrai suna ƙaurace musu. Haka nan a wajen birnin Aachen, kan iyakar Jamus da Beljiyam, akwai wani ɗan fure rawaya, Viola calaminaria, wanda mahaƙa suka ɗauke shi shaida cewa akwai tutiya a ƙarƙashinsa. Da masu ilmin kimiyya na ƙarni na 19 suka ƙona ganyensa da na wata maƙwabciyarsa mai suna Thlaspi suka auna tokar, sai suka iske tutiya a ciki mai yawan da zai hallaka kowane irin amfanin gona. A nahiyarmu ta Afirka ma an yi irin wannan, domin a shekarun 1950 masu neman tagulla a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, sun riƙa bin sawun wani tsiro, Becium homblei, suna zana taswirar inda ya yi yawa, yayin da malamin nan na Beljiyam, Paul Duvigneaud, yake nazarin tsirran tuddan tagulla na Katanga.

A 1948 wasu masana biyu na Italiya, Minguzzi da Vergnano, suka auna ganyen Alyssum bertolonii, wadda ake kyautata zaton ita ce ciyawar da Cesalpino ya gani, suka sami ƙarfen nikel kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen ganyen. Binciken nasu ya kwanta shekaru masu yawa ba tare da an ba shi haƙƙinsa ba, kamar yadda yakan faru ga ilmin da ya zo kafin mutane su san amfaninsa. Ba a farka sosai ba sai a 1976, lokacin da Tanguy Jaffré da Robert Brooks da abokan aikinsu suka ba da labarin wata itaciya ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, Sebertia acuminata, wadda idan an sare ɓawonta takan zubo da ƙaro mai launi tsakanin shuɗi da kore, wanda idan ya bushe kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyinsa nikel ne zalla. Brooks, wanda ke koyarwa a Jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan, ya yi wata dabara da ta cancanci yabo: maimakon ya yi ta yawon dazuzzukan duniya, sai ya roƙi ma'ajiyoyin busassun tsirrai na ƙasashe daban-daban su gutsuro masa ɗan ƙanƙanin ganye daga abin da magabata suka tara suka adana, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano waɗanda suka ɗauki nikel fiye da kima. A 1977 shi da abokansa suka kafa ƙa'ida cewa duk tsiron da ya tara miligiram 1,000 na nikel a kilo guda na busasshen ganye ya shiga wannan jinsi na musamman. Yau an san nau'i sama da 700, mafi yawansu masu shan nikel.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake gudana, domin a nan ne hikimar Mahalicci ta fi bayyana. Galibin tsirrai, idan saiwarsu ta haɗu da ƙarfe mai guba narke cikin ruwan ƙasa, sukan yi ƙoƙarin tsare shi a saiwar don kada ya hau sama. Waɗannan kuwa sai su zuƙe shi da gangan, su ɗaure shi da wasu sinadarai na jikinsu, su tura shi har ganye, inda suke killace shi cikin 'yan aljifai na ƙwayoyin halitta, nesa da wurin da tsiro yake sarrafa abincinsa. Zancen da ya fi rinjaye a wurin malamai shi ne cewa wannan garkuwa ce, saboda ƙwaron da ya ci irin wannan ganye ba ya sake marmarinsa.

Wanda ya juya al'amarin daga neman ƙarfe zuwa neman lafiyar ƙasa shi ne Rufus Chaney, masanin aikin gona na gwamnatin Amurka, wanda a 1983 ya kawo shawarar a shuka irin waɗannan tsirrai a gonar da ta gurɓace, a yanke su idan sun girma, a ƙone su, a kwashe tokar, a sake shukawa, har ƙarfen ya ragu. An jarraba wannan a fili a farkon shekarun 1990 a Woburn ta ƙasar Ingila, a wata gonar gwaji da aka yi ta zuba wa dagwalon magudanan birnin Landan a matsayin taki tsakanin 1942 da 1961, har ƙasarta ta cika da tutiya da kadmiyom. Masu gwajin, Alan Baker da Steve McGrath, suka lissafta cewa Thlaspi caerulescens za ta buƙaci girbi goma sha wani abu kafin tutiyar ta sauko zuwa haddin da doka ta yarda, alhali amfanin gona na yau da kullum zai buƙaci ɗaruruwan girbi. Wannan lissafi ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, ya kuma nuna cewa sai an yi haƙuri. Amma mutane suka riƙe rabin farko suka manta na biyu, aka kafa kamfanoni a Amurka ana yi wa jama'a alkawarin abin da tsiro ba zai iya cikawa da wuri ba, da shekaru suka wuce kuwa zumuɗin ya lafa.

Duk da haka aikin bai mutu ba. A 2001 Lena Ma ta Jami'ar Florida ta ba da labarin wani tsiro mara fure, Pteris vittata, wanda aka iske yana bunƙasa a wani tsohon wurin jiƙa katako da magani, yana tara gubar arsenik, wadda a wani gwaji ta kai fiye da kashi 2 cikin 100 na busasshen ganyensa. A ƙasar Sin kuma masani Chen Tongbin da jama'arsa suka shuka shi a gonakin Hunan da Guangxi, wani wuri suna haɗa shi da rake ko itacen da ake ciyar da tsutsar siliki, domin manomi ya sami abin sayarwa yayin da ƙasarsa take warkewa. A ganina wannan ita ce fahimta mafi inganci da aka samu a duk tarihin nan, domin babu manomin da zai bar gonarsa shekara goma ba ya cin komai daga cikinta. A Albaniya, kusa da tafkin Ohrid, ana noman wata Alyssum a ƙasa mai nikel wadda hatsi ba ya yin kirki a cikinta, ana samun kimanin kilo 100 na nikel a hekta guda, a sayar da tokar ga masu tacewa.

Dalma ce ta gagara, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Ita dalma takan manne wa ƙasa ƙam, ba ta cika narkewa ba, saboda haka saiwa ba ta samun abin zuƙa. Da aka jarraba zuba wani sinadari mai suna EDTA don ya narkar da ita, sai aka ga tana sulalewa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, magani ya koma cuta. Shi ya sa lokacin da masifar gubar dalma ta bayyana a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega, inda ake daka duwatsun zinariya da niƙa su cikin gidaje har yara kimanin 400 suka rasu, Allah ya ji ƙansu, ba wanda ya tsaya jiran tsiro. A wasu gidaje an auna dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo guda na ƙasa, alhali haddin da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Abin da aka yi shi ne kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a binne a ramuka nesa da gari, a shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega ba ta sami wannan gyara ba sai a 2013, a 2015 kuma irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Inda tsiro zai yi mana amfani a irin waɗannan wurare shi ne wajen riƙe ƙasa, domin ƙura ce take kai dalma bakin yaro, ruwan sama kuma ya kwashe ta zuwa kududdufi. A Ostireliya da Afirka ta Kudu da Sin an yi amfani da wata ciyawa 'yar'uwar jema, jemar nan da muka sani a fadamunmu, wajen lulluɓe tarin ƙasar da aka fitar daga ma'adinai, saboda saiwarta tana nutsewa ƙasa ƙwarai, tana jure guba, kuma mafi yawan ƙarfen da ta sha yakan tsaya a saiwar. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a killace wurin, kada a bar awaki da shanu su yi kiwo a ciki, kada a yanki ciyawar a yi zana ko a kai harawa kasuwa, kada kuma a zuba tokarta a gona. Duk abin da aka yanka a haɗa shi da gurɓatacciyar ƙasar a binne a rami ɗaya, a yi wa ramin alama yadda masu haƙa rijiya na gaba za su gane shi.