Dodo: Daga Tsafin Kakanni Zuwa Abin Razana Baƙo

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin Dodo, wanda a yau iyaye mata ke ambata don tsorata yara. Kafin Musulunci ya kafu, Maguzawa da maƙwabtansu suna da tsafe-tsafen kakanni. A ƙasar Kontagora, inda Kambarin Nasko suke, an fi sanin Magiro, amma Hausawa kan kira irin wannan tsafi Dodo. A wurare da dama, mazan da aka shigar cikin asirin kaɗai suka san cewa muryar da ake ji da dare ta mutum ce, mai magana cikin kara da aka rufe bakinsa da saƙar gizo-gizo. Mata da yara da baƙi kuwa sai su shige ɗaka.

Da tsafin ya yi rauni, sai Dodo ya wanzu cikin tatsuniya a matsayin ƙato mai cin mutane. Haka ya fito a tatsuniyoyin da A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostareliya, ya wallafa a 1913.

Ita ma Ostareliya tana da nata dodon, “drop bear”. Akan gaya wa baƙo cewa wata dabba mai kama da kowala tana faɗo wa mutane daga bishiya, kuma maganinta shafa Vegemite a bayan kunne. Can raha ce, nan kuwa doka ce da aka tsare da tsoro. Sai dai aikinsu ɗaya: rarrabe ɗan gida, wanda ya san asiri, da baƙon da bai sani ba.