Faifan Garmaho da Hausar Bakin Teku: Tarihi Daga Zongon Lome

Faifan garmaho ya shigo Lome ta bakin teku, hanyar da atamfa da kananzir da sauran kayan Turawa suka biyo, ya kuma tarar da Hausawa sun riga shi zama a garin. Tun ƙarni na 19 fatake daga ƙasar Hausa da Barno suke gangarowa Gwanja neman goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawa daga cikinsu suka koma Kete-Krachi, wasu kuma suka zarce har gaɓar ruwa. Jamusawa sun mai da Lome hedkwatar mulkinsu na Togo a 1897, garin ya shiga bunƙasa, unguwar baƙi Musulmi da ake kira Zongo ita ma ta bunƙasa tare da shi. Goro da shanu su ne ƙashin bayan sana'ar unguwar, tsarinta kuwa na mai gida da baƙonsa ne: mai gida ya sauki falke, ya ajiye masa kaya, ya nema masa mai saye ta hannun dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Ba Hausawa kaɗai ke zaune a Zongo ba. Akwai Zabarmawa da Fulani da Yarabawa Musulmi da Kotokoli na tsakiyar Togo, amma Hausa ce harshen ciniki da na wa'azi da na hirar ƙofar gida. Mai son sayar wa waɗannan mutane waƙa, da Hausa zai fi saurin samunsu.

Muryoyin farko da aka naɗa a Togo ba don kasuwa aka naɗe su ba. A zamanin Jamus an ɗauki waƙoƙi a kan wasu 'yan gwangwanaye na kakin zuma, aka kai su ma'ajiyar sauti ta Berlin wadda aka kafa a 1900, inda masu bincike kaɗai ke saurarensu. Ciniki ya fara ne daga baya. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone, wani reshe na Gramophone Company ta Ingila, ya tara 'yan Afirka ta Yamma a Landan ya naɗi waƙoƙinsu da Yarabanci da Fanti da Ga da Twi da Wolof da Hausa da wasu harsuna, ya buga fayafai ya aiko da su kantunan bakin teku. Shigar Hausa cikin wannan jeri shaida ce cewa kamfanin ya san da mutanen zanguna, ya kuma san suna da kuɗin saye.

Fayafan wancan lokaci suna juyawa sau 78 a minti ɗaya. Da wani irin ƙaro mai nauyi da gautsi ake yin su, in faifai ya faɗi ƙasa ya gama aiki. Garmahon kansa da hannu ake wana shi, allurarsa ta ƙarfe kuma ana sauya ta a kai a kai don kada ta cinye layin faifan. Kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai, kuma wannan iyaka ta fi takura wa waƙar Hausa fiye da yadda ake zato. Makaɗin Hausa ba ya auna waƙarsa da agogo. Yana buɗewa, ya ambaci wanda yake yi wa waƙa da iyayensa da kakanninsa, 'yan amshi su karɓa, ya saki zaren ya sake kamawa, gwargwadon yadda taro ya ba shi fuska. A gaban na'urar kamfani dole ya taƙaita, ya zubar da zagaye-zagayen da su ne gishirin waƙar. Saboda haka abin da tsohon faifai ya adana ɗanɗano ne kawai na abin da ake yi a dandali, kuma ya kamata mai sauraro na yau ya riƙe wannan a zuciya.

Kiɗan ƙasashen waje ma ta faifai ya iso. Daga 1933 kamfanin HMV ya riƙa turo fayafan kiɗan Kuba masu lambar GV, waɗanda suka mamaye biranen Afirka daga Dakar har Kinshasa. Kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka ya biyo baya ta faifai da ta rediyo, musamman bayan 1955 da Muryar Amurka ta fara shirin jaz na Willis Conover. A watan Mayun 1956 Louis Armstrong ya sauka a Accra, ya busa ƙaho tare da E. T. Mensah, shugaban ƙungiyar Tempos kuma sarkin kiɗan hayilayif. Lome tana manne da iyakar Gana, tsakaninta da Accra bai kai kilomita 200 ba, don haka duk abin da ya yi tashe a can ba ya daɗewa bai tsallako iyakar ba. Abin da makaɗan yankin suka ɗauka daga jaz shi ne jerin masu busa da kuma ba kowane makaɗi fili ya nuna gwanintarsa shi kaɗai. Sunan ma sun ɗauka, kamar yadda ake gani a OK Jazz ta Kinshasa da Bembeya Jazz ta Gini, ko da yake kiɗan da suke yi nasu ne na gida.

Faifan roba ya maye gurbin na ƙaro. Columbia ta fito da babban faifai mai juyi 33 a 1948, RCA Victor ta fito da ƙaramin mai juyi 45 a 1949, kuma ƙaramin ne ya fi karɓuwa a Afirka ta Yamma cikin shekarun 1960 da 1970, don ya fi araha, waƙa ɗaya a kowane gefe. Togo ta sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960, amma makaɗanta sun daɗe suna fita waje kafin su ga waƙarsu a faifai: wasu Accra, wasu Legas, wasu Kwatano inda kamfanin Satel yake, masu hali kuma Paris. A Paris Bella Bellow, mawaƙiyar da Togo ta fi alfahari da ita, ta naɗi faifanta na farko a 1969, kafin ta rasu a haɗarin mota a watan Disambar 1973. Daga Najeriya kuwa fayafan makaɗan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda kamfanoni kamar EMI suka buga, suna bin masu safara zuwa zangunan bakin teku.

A wannan zamani ne ƙungiyar Orchestre Abass ta fito a Togo. Wanda ya kafa ta, Malam Issa Abass, shi ke kaɗa jita, shi ke kuma danna ogan, kuma ƙarar ogan ɗin nan mai kauri ita ce alamar da ake gane ƙungiyar da ita. A 1972 kamfanin Polydor ya buga mata ƙananan fayafai biyu, a cikinsu akwai waƙoƙin "Haka Dunia" da "Samarin Banza". Duk Bahaushen da ya ji waɗannan sunaye ya san inda aka dosa: ta farko tana cikin layin waƙoƙin jan hankali kan halin duniya, ta biyu kuma tana cikin na zambo da gyaran tarbiyya, hanyoyi biyu da mawaƙan Hausa suka daɗe suna bi. Abin da ya bambanta shi ne kayan kiɗan. Maimakon kalangu ko kukuma, ganga ce ta bature da jita mai amon ƙasa da ogan, a kan salon fank irin wanda James Brown ya yaɗa, Fela Kuti kuma ya juya shi a Legas. Ƙungiyar ba da Hausa kaɗai take waƙa ba, tana yi da wasu harsunan yankin, kamar yadda rayuwar Lome take. Muhimmancinta a tarihin waƙar Hausa shi ne ta nuna cewa tun farkon shekarun 1970 akwai waƙar Hausa ta zamani da kayan lantarki a bakin teku, shekaru da dama kafin waƙoƙin fina-finan Kano, amma littattafan tarihin waƙar Hausa ba su cika waiwayar kudu da kogin Kwara ba, balle su tsallaka iyaka.

Abass ba shi kaɗai ba ne. A Bolgatanga ta arewacin Gana akwai Uppers International mai waƙar "Dankasa", a Parakou ta Benin akwai Super Borgou, a Togo akwai Napo De Mi Amor, a arewacin Kamaru akwai Hamad Kalkaba. Yawancinsu 'ya'yan Musulmi ne da suka yi makarantar allo, kuma ana jin hakan a yadda suke jan murya.

Abubuwa uku suka haɗu suka binne wannan zamani. Na farko ya shafi Zongo kai tsaye. A 1977 gwamnatin Janar Gnassingbé Eyadéma ta rushe tsohuwar unguwar da ke tsakiyar gari, ta kwashe mutanenta zuwa wani fili kimanin kilomita 15 arewa da Lome, wajen Togblekope da Agoe, aka gina manyan bankuna a inda gidajensu suke. Masanin nan na Faransa, Michel Agier, wanda ya zauna da 'yan kasuwar sabuwar unguwar, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Iyalin da aka ce su kwashe kayansu cikin gaggawa, ba tsohon faifai za su fara ɗauka ba. Na biyu shi ne kaset. Philips ta ƙirƙiro shi a 1963, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya cika kasuwa: ba ya fashewa, rakoda tana aiki da batir, kowa kuma yana iya kwafa a shago da 'yan kuɗi kaɗan. Ga mai sauraro wannan sauƙi ne, har ma ya ba doguwar waƙa da wa'azi damar da faifai ya hana su, amma ya karya kamfanonin buga faifai. Na uku siyasa ce. Dokar hana fitar dare da aka kafa a Gana bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta kashe gidajen rawa, kamfanin faifai na Polygram ya rufe harkarsa a ƙasar ya bar zarurrukan naɗi na asali a sito. Ɗakin naɗar waƙa na Otodi da aka gina a Lome shi ma ya zauna shekaru a rufe. A 1993, shekarar da rikicin siyasa ya kori dubban mutanen Lome zuwa Gana da Benin, aka jefa gurneti cikin ɗakin kwanan Malam Issa Abass, ya rasu.

Sake buga tsofaffin fayafai al'ada ce da masoya jaz suka raya. A Amurka kamfanin Mosaic, wanda Michael Cuscuna da Charlie Lourie suka kafa a farkon shekarun 1980, ya shahara da tono zarurrukan asali na kamfanoni irin su Blue Note, ya fitar da su tare da cikakken bayani: wa ya yi kiɗa, a wane ɗaki, a wace rana. Wannan tsari ne aka juyo da shi kan kiɗan Afirka bayan shekara ta 2000. A 2008 kamfanin Honest Jon's na Landan ya zaɓo wasu daga naɗe-naɗen Zonophone a ma'ajiyar EMI ya fitar da su da sunan Living Is Hard. A shekarar ce kuma Analog Africa, kamfanin Samy Ben Redjeb da ke Frankfurt, ya fitar da African Scream Contest, tarin waƙoƙin Benin da Togo na shekarun 1970. Ben Redjeb ya je Accra a 2008, ya sadu da tsohon mai buga fayafai Dick Essilfie-Bondzie, a cikin zarurrukan da Polygram ta bari kuma ya ci karo da naɗin Orchestre Abass, har da waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba. Ɗaya ta fito a tarin Afro-Beat Airways na 2010, sannan a 2019 aka fitar da faifai guda mai waƙa shida da sunan De Bassari Togo, bayan an nemo mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiyar sun ba da tarihinta. Kamfanin Hot Casa na Paris ya fitar da Togo Soul 70 a 2016, ƙungiyar Vaudou Game kuma ta koma ɗakin Otodi ta naɗi faifan da ta sa wa sunansa, ya fito a 2018.

Irin wannan tono ya taɓa ƙasar Hausa ita kanta. Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani ɗan Nijar, wanda aka naɗa a 1978, a shekarar 2013. Faifan Hikima na Yusef Lateef, babban mabushin jaz ɗan Amurka da ya yi aikin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, shi ma an sake buga shi a 2019.

Aikin ya cancanci yabo. Ba don shi ba da sunan Abass ya ɓace, kuma kamfanonin kirki suna neman mawaƙi ko magadansa su yi yarjejeniya kafin su buga. Sai dai zaɓin da ake yi yana da son kai na kasuwa. Kunnen da ake nufi na mai rawa ne a Turai da Amurka da Japan, don haka mai jita da ogan ake nema. Fayafai da kaset-kaset na kalangu da goge da kukuma, da na bege da wa'azi, da waƙoƙin mata na biki, waɗanda su ne ainihin abin da Zongo ta fi saurare, ba su da mai nema. Sabon bugun ana sayar da shi da kuɗin Turai, a kantunan da babu su a Lome, tsofaffin fayafan asali kuma masu tarawa suna saye suna fita da su, ba sa dawowa.

Abin da ya rage yana cikin akwatunan tsofaffi a sabuwar Zongo da sauran zangunan Gana da Benin, kuma zafi da laima suna cin zaren kaset kowace damina. Akwai cibiyoyin da wannan aiki ya dace da su: Rediyon Lome, da cibiyar CELHTO ta Yamai da aka kafa don adana tarihin baka, da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Ya kamata su kwafe waɗannan muryoyi zuwa kwamfuta, su rubuta sunan mawaƙi da garinsa da shekarar naɗi, tun dattawan da za su iya gane murya su faɗi mai ita suna raye.