Gonar da ake noma tarihi a cikinta

A gaɓar kogin Potomak, cikin jihar Marilan ta ƙasar Amurka, akwai wani wuri mai suna Akokik. Can ne wata ƙungiya da aka kafa a shekarar 1957 ta raya gona bisa tsarin rayuwar ƙaramin manomi na wajajen 1770, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila.

Baƙon da ya shiga zai tarar da ɗan gidan katako, da madafa a ware, da rumfar shanya taba, da shanu da tumaki irin na dauri. Ma'aikata suna sanye da tufafin wancan zamani, suna noma da hauya, suna girki a murhu. Ɗalibi kuwa yakan riƙe hauyar da hannunsa, ya ji nauyinta.

Taba ce gimshiƙin rayuwar wannan manomi. Ana yayyafa irinta a fangali, a dasa ta, a tsince tsutsa da hannu ganye bayan ganye, a shanya ta, sa'an nan a danƙare ta cikin manyan gangunan katako, a tura Ingila. Da ita ake biyan bashi da haraji, domin tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Bayan shekara uku ko huɗu takan gajiyar da ƙasa, dole a sari sabon daji.

Sai dai kyan wurin yana iya ruɗar mai kallo. Ƙasar nan ta ƙabilar Piskatawe ce tun kafin zuwan Turawa. Mafi yawan aikin taba kuma bayi ƴan Afirka ne suka yi shi, waɗanda dokar Marilan ta 1664 ta mayar da bautarsu ta har mutuwa. A ƙetaren kogin ana hango gidan Joj Washinton, inda ake da bayi 317 a shekarar da ya rasu, 1799. Ana iya sake gina rumfa da danga, amma yunwa da bulala da rabuwar uwa da ɗa sai mai bayani ya faɗe su da baki. In ya yi shiru, baƙo zai koma gida da rabin labari.

Wannan darasi ya shafe mu. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya nuna fasalin gidajen al'ummominmu. Saura mu nuna wa yara gonar gujiyar Maraɗi da Damagaram ta zamanin Faransawa, tare da lanho da ke tura manomi nomanta, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai a 1946. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna nan tukuna. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su je su zauna da su tun da sauran rana.