Daga Ina Kalmar "Canja" Ta Zo Mana?

Jama'a, akwai kalmar da ba a cin kasuwar Matamaye sai an faɗe ta. Mai tebur ya ce ba shi da canji. Falke ya ce zai canja sefa ya karɓi naira kafin ya ƙetare Ɗan Barto zuwa Daura. To, wannan kalma baƙuwa ce. Kakanninmu "sake" suke cewa, ko "sauya", ko "musanya".

Daga Turancin Ingila muka aro ta. Su suna rubuta ta change, suna faɗin "cenj". Ma'anarta a mai da abu wani iri, ko a ba da wani abu a karɓi wani. Ragowar kuɗin da mai kanti yake maido maka ma haka suke kiran ta. Duka ma'anonin uku mun ɗauko.

Amma su ma aro suka yi. A shekarar 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya taso daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Fadawansa Faransanci suke yi, sai kalmominsu suka cika bakin mutanen ƙasar, har da wannan. Faransawa kuwa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawan dā. Can asalinta, ma'anarta cinikin musaya ne, kamar yadda Bafillatana take ba da nono ta karɓi hatsi.

Ku dubi wannan zagaye! Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Kalmar da ta fita daga gidan Faransawa, sai ga ta ta biyo ta Kano tare da fatake ta iso Yauri.

Da ta zo, Hausa ta ɗinka mata riga. Muna cewa ya canja, ya canjo, abin ya canju, ga kuma ƴan canji. Kanawa kan ce "canza". Bature da kansa ba zai gane ta ba.

Abin da ya kafa ta a bakinmu, a ganina, kuɗi ne. Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, kayan waje suka yi tsada. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya sa kuɗi suka ɓace a kasuwannin iyaka. Wanda ya sayar da wake ko akuya ya riƙe tsofaffin takardu a hannu, masu kaya da yawa suka ƙi karɓa, sai da kotun ƙolin Nijeriya ta ce a watan Maris a ci gaba da amfani da su.