Rick Berman: Mai gadin gidan da ba shi ya gina ba

Mai karatu, in ka taɓa kallon Star Trek, shirin nan na Amurka da ake yawon duniyoyi cikin jirgin sararin samaniya, sunan da za ka fi ji shi ne Gene Roddenberry. Shi ya ƙirƙiro shirin a 1966, tashar NBC ta soke shi a 1969 bayan kashi 79. Amma wanda ya fi kowa daɗewa riƙe da linzamin sa wani furodusa ne daban, Rick Berman, kuma har gobe masoya shirin ba su gama gardama a kan sa ba.

Berman ma'aikacin kamfanin Paramount ne. A 1987, da za a farfaɗo da shirin da sunan The Next Generation, aka haɗa shi aiki da Roddenberry. Da tsohon ya mutu a watan Oktoba na 1991, sai gida ya koma hannun Berman kacokan.

Maganar gaskiya, ya yi aiki. The Next Generation ya kai kashi 178. A 1993 shi da Michael Piller su ka fito da Deep Space Nine, inda baƙar fata, Avery Brooks, ya zama jagora. A 1995 sai ga Voyager, mace ce kyaftin, wato Kate Mulgrew. Enterprise ya biyo baya a 2001. Ka haɗa su duka, kashi 624 kenan, ga kuma finafinan silima huɗu. Shekara 18 cur ba a rasa sabon Star Trek a talbijin ba.

To ina matsalar? Roddenberry ya bar wata doka: wai mutanen nan gaba sun wuce hassada, kwaɗayin kuɗi da faɗa da juna. Kai ma ka san labarin da babu rikici miya ce ba gishiri. Marubuta su ka yi ta kuka, Berman ya ce amana aka ba shi. A ofishin sa har da mutum-mutumin kan Roddenberry, an ɗaure masa ido da ƙyalle, wai kada ya ga inda aka kauce wa dokar sa! Tsantsenin ya kai har ga kiɗa. A 1991 aka sallami makaɗi Ron Jones, don Berman ba ya son kiɗan da zai ja hankalin mai kallo. Ni dai wannan ya fi komai ba ni haushi. Saurari kiɗan da Jones ya yi wa “The Best of Both Worlds” na 1990, sannan ka saurari na baya, za ka gane abin da na ke nufi.

A gani na, Deep Space Nine ne ya fi kyau cikin huɗun, kuma dalilin shi ne hankalin Berman ya fi karkata ga Voyager da finafinai. Marubuci Ira Steven Behr ya samu sarari ya kawo dogon yaƙi, cin amana, da jaruman da ke aikata abin kunya. A shirin ne kuma jaruma Terry Farrell ta fita a 1998, daga baya ta fito fili ta zargi Berman da maganganun raini kan surar jikin ta.

Tuwo ɗaya kullum, ai dole a ƙosa. Fim ɗin Nemesis na 2002 ya kwanta a kasuwa. A 2005 aka soke Enterprise bayan kashi 98, kuma kashin ƙarshe, wanda Berman ya rubuta tare da Brannon Braga, ya sha zagi, don an ture jaruman shirin gefe an dawo da tsofaffin fuskokin The Next Generation.

Sai da aka shekara 12 kafin Star Trek ya koma shirin mako-mako da Discovery a 2017, babu Berman a ciki. Amma da sababbin masu gidan su ka so jawo tsofaffin 'yan kallo, ina su ka nufa? Patrick Stewart su ka kira a 2020 ya sake fitowa a matsayin Picard, a 2023 kuma su ka tattaro masa kusan duk abokan aikin sa na zamanin Berman.