Yahudawan Madina a Alƙalamin Malamai: Masu Nazarinsu da Yadda Aka Karrama Su

Yasriba, garin da aka sani da Madina bayan hijirar shekarar 622, tsohon mazauni ne. Sunansa ya fito a rubutun dutse na Nabonidus, sarkin Babila, tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya iso, garin dausayi ne mai unguwanni a warwatse cikin gonakin dabino, inda Larabawan Aus da Hazraj suke zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙabilun Yahudawa. Waɗannan Yahudawa ba su bar littafin tarihin kansu ba, in banda 'yan baitocin waƙa da maruwaitan Larabawa suka adana. Kusan duk abin da aka sani game da sana'o'insu da ƙawancensu da karatunsu ya biyo ta hannun malaman Musulunci ne, daga baya kuma masanan jami'o'i suka ɗora. Saboda haka tarihin nazarin rayuwarsu tarihin waɗannan malamai ne, kuma kowane zamani yana da irin girman da yake bai wa wanda ya shahara a fagen.

Manyan ƙabilun uku ne. Banu Ƙainuƙa maƙeran fari ne, masu aikin zinariya da azurfa, suna da kasuwa mai sunansu, kuma suna ƙawance da Hazraj. Banu Nadir da Banu Ƙuraiza manoman dabino ne a sashen Aliya, kudu maso gabashin garin, inda ƙasa ta fi albarka, kuma sun tsaya wa Aus a yaƙin Bu'as, 'yan shekaru kafin hijira. Kowane dangi yana da ginin tsaro na dutse da ake kira uɗum, wanda ake tara mata da yara da hatsi a cikinsa idan hari ya taso. Suna da gidan karatu, Baitul Midras, inda malamansu suke karanta Attaura. Harshensu na yau da kullum Larabci ne, sunayen yawancinsu ma na Larabawa ne.

Bayan hijira aka rubuta takardar yarjejeniya, Sahifar Madina, wadda ta jera dangogin Yahudawa tare da abokan ƙawancensu, ta bar wa kowa addininsa, ta kuma ɗora wa kowa nauyin kare garin. Zaman bai daɗe ba. An fitar da Banu Ƙainuƙa a 624, Banu Nadir suka bi a 625 zuwa Haibara da Sham, sannan a 627, bayan yaƙin Handaƙ, hukuncin Sa'adu bn Mu'azu, shugaban Aus, ya faɗa kan Banu Ƙuraiza: aka kashe mazajen da suka balaga, aka kama mata da yara. Daga nan labarin ƙabilun ya koma bakin 'ya'ya da jikoki waɗanda suka tashi a Musulunci.

Rukunin farko na masu ɗauke da wannan ilimi daga cikin gidan suka fito. Abdullahi bn Salam malamin Banu Ƙainuƙa ne da ya musulunta da isowar Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina a shekara ta 43 bayan hijira. Girman da ya samu na shaida ne: Buhari ya ruwaito daga Sa'adu bn Abi Waƙƙas cewa an yi masa bushara da Aljanna, Tirmizi kuma ya kawo cewa Mu'azu bn Jabal, a ciwon ajalinsa, ya lissafa shi cikin mutum huɗu da za a nemi ilimi a wajensu. Zaidu bn Sabit kuwa, wanda ba daga cikinsu yake ba, ya koyi rubutun Yahudawa bisa umarnin Manzon Allah (SAW) domin wasiƙu. A zamanin tabi'ai, Muhammadu bn Ka'abu Alƙurazi, wanda mahaifinsa yana cikin yaran Banu Ƙuraiza da aka bari da rai, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tafsiri na Madina, kuma ruwayoyinsa sun cika littattafan tafsiri da sira.

Wanda ya fi shahara cikin na farko da suka tattara labaran a tsari shi ne Muhammadu bn Ishaƙ, haifaffen Madina, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekarar 767. A cikin sirarsa, wadda Ibn Hisham ya gyara ya taƙaita, aka samu cikakken nassin Sahifa da jerin sunayen malaman Yahudawa ƙabila bayan ƙabila. A wancan zamani karramawar malami tana wuyan malamai 'yan uwansa, ta hanyar hukuncin da suke yanke wa ruwayarsa. Malaminsa Zuhri ya yabe shi da yawan ilimi. Imamu Malik kuwa ya soke shi, kuma cikin dalilan da marubutan baya suka kawo har da cewa yana bin 'ya'yan Yahudawan da suka musulunta yana karɓar labaran Haibara da Ƙuraiza da Nadir daga bakinsu. Abin da aka ɗauka aibi a ma'aunin hadisi shi ne ya sa littafin ya zama taska ga mai neman sanin zamantakewa. Malaman baya suka tsaya tsakiya: sun amince da shi a matsayin jagora a labaran yaƙe-yaƙe, suna kuma taka-tsantsan da shi a hukunce-hukunce.

Waƙidi, wanda aka haifa a Madina a 747 ya rasu a 823, ya ƙara wani abu: zuwa wurin da abu ya faru. Yakan tambayi jikokin waɗanda suka halarci yaƙi, sannan ya taka ya ga filin da idonsa. Wannan sani ne ya sa aka zaɓe shi ya zagaya da halifa Haruna Rashid wuraren tarihin Madina a wata shekarar aikin hajji, aka yi masa kyauta, daga baya ya zama alƙali a Bagadaza zamanin Ma'amun. Fada ta ɗaukaka shi, malaman hadisi kuwa suka raunana ruwayarsa.

Bayanin ƙasa da gine-gine ya zo ta wata hanyar. Ibn Zabala ya rubuta tarihin Madina a shekara ta 199 bayan hijira, littafin ya ɓace, amma Nuruddin Samhudi ya kwashe da yawa daga cikinsa. Ta wannan hanya aka san cewa dangogin Yahudawa sun haura 20, kuma an ƙidaya musu uɗum 59. An haifi Samhudi a Misra a 1440, ya zauna a ɗaki jikin Masallacin Annabi. A watan Ramadan na 1481, yana Makka wajen umara, tsawa ta faɗa kan hasumiya, gobara ta cinye masallacin haɗe da littattafansa da babban tarihin da ya rubuta. Taƙaitaccen da ke hannunsa, Wafa'ul Wafa, shi ya tsira, shi ne kuma yake bin unguwannin garin rijiya bayan rijiya, lambu bayan lambu. Sarkin Misra Ƙaitabai ya yanka masa albashi ya ba shi littattafai. Ya rasu a 1506 aka binne shi a Baƙi'a, kuma har yau shi ake nufi idan aka ce marubucin tarihin Madina. Laƙabi da tallafin sarki da kabari a Baƙi'a, su ne lambobin girma na wancan lokaci.

A ƙarni na 19 nazarin ya shiga jami'o'in Turai. Ferdinand Wüstenfeld ya fitar da taƙaitaccen Samhudi da Jamusanci a 1860. Julius Wellhausen ya rubuta kan Madina kafin Musulunci a 1889, ya kasa Sahifa zuwa sassa 47, rabon da mutane da yawa suka bi. A 1908 A. J. Wensinck ya gabatar da kundin digirinsa a Leiden kan alaƙar Manzon Allah (SAW) da Yahudawan Madina. A Alƙahira kuma, a 1927, Isra'ila Wolfensohn, Bayahude haifaffen Ƙudus da ake yi wa alkunya da Abu Zu'aibu, ya wallafa tarihin Yahudawa a ƙasar Larabawa da harshen Larabci. Ɗaha Husaini ne ya duba aikin, ya kuma rubuta masa gabatarwa, Wolfensohn kuma ya koyar a Darul Ulum.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 tambayoyin suka karkata ga zamantakewa: wa ke ƙawance da wa, wa ke da ƙasa, yaya ake biyan diyya. Montgomery Watt na Jami'ar Edinbara ya bi wannan hanya a littafinsa na 1956 kan zamanin Madina. R. B. Serjeant, wanda ya daɗe yana bincike a Hadaramaut, ya gwada Sahifa da yarjejeniyoyin ƙabilun kudancin Larabawa, ya ce takardu 8 ne aka haɗa. Al'adar jami'o'in Turai ita ce ɗalibai da abokan aiki su haɗa kundin maƙaloli da sunan malami idan ya manyanta. An yi wa Watt irin wannan a 1979, Serjeant kuma a 1983 da ya ajiye aiki a Kambirij. Muhammadu Hamidullah, ɗan Haidarabad da ya yi yawancin rayuwarsa a birnin Faris, ya kasa Sahifa zuwa sassa 52, ya kira ta rubutaccen tsarin mulki na farko a duniya. Pakistan ta ba shi lambar Hilal-e-Imtiaz a 1985, kuma ɗakin karatu na Cibiyar Binciken Musulunci ta Islamabad yana ɗauke da sunansa.

Saɓani bai ƙare ba. A 1976 W. N. Arafat ya yi shakkar yawan waɗanda aka ce an kashe daga Banu Ƙuraiza, yana kafa hujja da sukar da aka yi wa Ibn Ishaƙ. M. J. Kister na Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, wanda ya karɓi Lambar Isra'ila a 1981, ya mayar da martani a 1986 da cewa malaman fiƙihu na farko sun san labarin sun kuma gina hukunci a kansa. Ɗalibinsa Michael Lecker ya koma ga Samhudi, ya fitar da littafi kan unguwannin Aliya a 1995, da wani kan Sahifa a 2004.

A Madina kanta, Jami'ar Musulunci da aka buɗe a 1961, wadda ɗaliban ƙasar Hausa da yawa suka yi karatu a cikinta, ta zama gidan wata hanyar. Akram Diya'ul Umari, haifaffen Mosul a 1942, ya koyar a can kusan shekara 20. Ya auna ruwayoyin sira da ma'aunin malaman hadisi, ya rubuta littafi kan al'ummar Madina a zamanin Annabta, inda ya rinjayar da cewa Sahifa asalinta takardu biyu ne, ɗaya da Yahudawa, ɗaya tsakanin Muhajirai da Ansaru. A 1996 aka ba shi Lambar Sarki Faisal a fannin nazarin Musulunci saboda aikinsa kan sira. Wannan lamba, da aka fara bayarwa a 1979, tana zuwa da takardar shaida da tambarin zinariya da kuɗi, kuma ita ce Shaihu Abubakar Gumi ya karɓa a 1987 a fannin yi wa Musulunci hidima.

A Amurka akwai lamba ta musamman ga dattawan masana zamantakewar Yahudawa, mai ɗauke da sunan Marshall Sklare na Jami'ar Brandeis wanda ya rasu a 1992. Masu karɓarta yawanci al'ummomi masu rai suke nazari, da ƙidaya da tambayoyi gida-gida. Mai nazarin Yahudawan Madina ba shi da wanda zai tambaya. Kayan aikinsa nassin Sahifa ne, da ruwayoyin Ibn Ishaƙ da Waƙidi, da jerin rijiyoyi da lambunan Samhudi, da kufan ginin dutse a kudu maso gabashin garin da ake jingina wa Ka'abu bn Ashraf na Banu Nadir. Shi ya sa ake karrama masanan wannan fage a ƙarƙashin sira da tarihi da nazarin Larabci, kowanne a cibiyar da ta yarda da hanyar bincikensa.