Kaskar Zuma da Amyar Bahaushe: Tarihin Wata Annoba da Yadda Ta Shafi Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wani ƙwaro da ya addabi masu kiwon zuma na duniya tun daga tsakiyar ƙarni na 20, sa'an nan a auna tarihin nasa da irin kiwon da aka gada a ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano. Masana suna kiran ƙwaron Varroa destructor. A nan za mu kira shi kaskar zuma, domin kuwa yadda kaska take maƙale wa saniya haka yake maƙale wa ƙudan zuma. Abin da muke son nunawa shi ne, hannun ɗan Adam ne ya yaɗa wannan annoba, kuma amyar gargajiya, wadda ake yi wa kallon koma baya, tana da wata kariya da akwatin zamani bai zo da ita ba.

Amya da masu ita

Karaye da Rogo, waɗanda tun 2024 su biyu ne suka haɗu suka zama Masarautar Karaye, suna iyaka da Jihar Katsina da ta Kaduna, kuma sun fi arewacin Kano samun ruwan sama. Ƙasa ce ta ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro, watau itatuwan da furensu yake ciyar da ƙudan zuma bayan an kawar da amfanin gona. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, ta ƙara ruwa da noman rani.

Yadda Bahaushe ya saba kiwo sananne ne. A saƙa amya da ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗaure ta a kan reshe, sa'an nan a jira ƙuda ya zo da kansa. Wasu da tulu ko tukunya suke yi. Idan lokacin ɗiba ya yi sai a hau da dare da wuta da hayaƙi, a yanke saƙar, galibi har da wadda take ɗauke da 'ya'ya. Sau da yawa ƙudan yakan tashi ya bar amyar, wani taron ya shigo wata shekara. Ba a sayen ƙuda, ba a ciyar da shi, ba a yi masa magani. A lura da waɗannan abubuwa uku, za mu komo kansu.

Daga Jawa zuwa Nijeriya

A 1904 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Oudemans ya fara bayyana irin wannan ƙwaro, daga tsibirin Jawa, a jikin ƙudan zuman Asiya, Apis cerana. Wannan ƙuda ya daɗe da zama da kaskarsa, har sun san juna: yana kakkaɓe ta, kuma ba ta iya hayayyafa sosai sai a cikin 'ya'yan mazan ƙuda. Fitina ta taso ne sa'ad da mutane suka kwashi ƙudan Turai, Apis mellifera, suka kai shi Japan da gabashin Rasha don ya fi yawan zuma. A wajen shekarun 1950 kaskar ta tsallaka kan baƙon da bai san ta ba.

Daga nan ciniki ya ƙarasa aikin. Ana sayar da sarauniyoyi da akwatuna daga ƙasa zuwa ƙasa, kaska tana biye. Ta isa Amurka ta Kudu a farkon shekarun 1970, Jamus ta Yamma a 1977, Amurka a 1987, Ingila a 1992. Ostireliya, wadda teku ya daɗe yana karewa, ta gan ta a tashar jiragen ruwa ta Newcastle a 2022, ta ƙona dubban akwatuna, daga bisani a 2023 ta haƙura da yunƙurin kawar da ita. A nahiyarmu ta fara bayyana a Tunisiya a shekarun 1970, sai Afirka ta Kudu a 1997, sai Kenya a 2009. A 2012 Akinwande da abokan aikinsa suka buga rahoton samunta a kudu maso yammacin Nijeriya. Sai a shekarar 2000 ne Anderson da Trueman suka tantance cewa wadda take wannan ɓarna jinsi ce dabam da ta Oudemans, suka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu.

Yana da kyau a fahimci yadda take rayuwa, don a nan ne hujjarmu take. Macen ja ce, faffaɗa, faɗinta bai kai milimita 2 ba. Takan shiga ramin saƙa mai tsutsa dab da a toshe shi da kaki, ta yi ƙwai a ciki, 'ya'yanta su girma su yi barbara kafin ɗan ƙudan ya fito. Ramin ma'aikaciya yakan zauna a toshe kimanin kwana 12, na namiji kwana 14 ko fiye, shi ya sa ta fi son na namiji. An daɗe ana zaton jini take sha, sai binciken Ramsey na 2019 ya nuna kitsen jikin ƙudan take ci, wanda yake yi masa aiki irin na hanta. Mafi muni kuma, tana ɗauke da ƙwayar cutar da take nakasa fiffike. Ke nan ba ta da wurin haihuwa sai rami mai ɗa a ciki. Idan 'ya'ya suka yanke, ita ma haihuwarta ta yanke.

Hanya biyu

Turai da Amurka sun bi hanyar magani. An riƙa rataya zirin roba mai guba a cikin akwati, irin su Apistan, aka ga kamar an huta. Ba a jima ba, a farkon shekarun 1990, kaskar arewacin Italiya ta daina jin wannan magani, sauran ƙasashe suka biyo baya. Aka koma wasu magungunan, da asid iri-iri, da man wasu tsirrai. Har yau mai kiwo a can idan ya bar akwatinsa ba magani, yawanci cikin shekara biyu zuwa uku ya rasa shi. A ganinmu dalilin a fili yake: magani yana raya raunanan ƙuda tare da ƙarfafan, don haka zuriyar ba ta samun damar tacewa.

Afirka ta Kudu ta bi ɗaya hanyar, yawancin masu kiwonta ba su yi magani ba. An yi asara da farko, amma binciken Allsopp na 2006 ya nuna ƙudan yankin Kef ya fi ƙarfin kaskar cikin shekara 3 zuwa 5, na cikin ƙasa kuma cikin shekara 6 zuwa 7. A Kenya ma, Muli da abokan aikinsa sun tarar a 2014 cewa kaskar ta bazu amma ba ta rage ƙarfin taron ƙuda ba, suka ba da shawarar kada a sa magani. Ƙudan Afirka 'ya'yansa suna saurin fitowa daga rami, yana yawan rabuwa, yana tashi ya bar gida idan ya takura, kuma yana buɗe ramin da ya kamu ya jefar da abin da yake ciki. Halayen nan da mai akwati yake kuka da su, su ne garkuwar.

To, idan aka ɗora wannan a kan amyar Karaye da Rogo, sai a ga ɗibar da take kwashe saƙar 'ya'ya, da tashin ƙuda a shekara, duk suna katse wa kaska haihuwa, ba tare da mai amyar ya san yana yin wani abu ba. Ba muna cewa ɗiba da wuta abin yabo ce ba. Tana kashe ƙuda tana ɓata ɗanɗanon zuma. Haka kuma feshin wake da tumatir da saran itace don gawayi suna iya yi wa ƙudan wannan ƙasa ɓarnar da ta fi ta kaska. Amma akwatin zamani, ko na Langstroth na 1851 ko mai sanduna na Kenya, an yi shi ne don ƙuda ya zauna shekara da shekaru a kan saƙa ɗaya, kuma zaman nan shi kaska take so.

Ƙidaya kafin magani

Amfanin akwati shi ne ana iya buɗe shi a duba, don haka wanda ya karɓe shi dole ya karɓi ƙidaya tare da shi. Hanyar ba ta da tsada. A karkaɗo ƙuda kimanin 300, watau rabin kofi, daga saƙar 'ya'ya, a tabbata babu sarauniya a ciki, a zuba a kwalba mai murfin raga, a sa cokali biyu na sukarin da aka niƙe ya yi laushi kamar gari, a jujjuya, a dakata minti ɗaya ko biyu, sa'an nan a girgiza a kan farin faranti. Kaskar za ta zubo, ƙudan kuma a mayar da shi da ransa. Idan an ƙirga 9, an sami 3 cikin 100 ke nan, wanda a Turai da Amurka nan ne ake fara magani. Wannan ma'auni na ƙudansu ne. Namu sai an tara ƙidayar shekaru a nan gida kafin a yanke shi. Lokacin hunturu ya fi dacewa da gwajin, don danshin damina yana sa sukari ya dunƙule. Mai amya kuwa, ranar ɗiba ya ɓare ramukan maza da ƙaya, ja a kan farar tsutsa ba ta ɓuya.

Abu biyu tarihin nan yake gargaɗi a kansu. Na farko, shigo da sarauniya ko ƙuda daga waje, wanda shi ne hanyar da annobar ta bi ta kewaye duniya, kuma yana surka zuriyar gida da wadda ba ta da juriya. Na biyu ya fi kusa da mu. Sinadarin amitaraz da ake yi wa kaskar zuma magani da shi a waje, shi ne a cikin wasu magungunan kaskar shanu da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuma ba wuya wani ya ce ai duk kaska kaska ce. Ƙarfin na shanu ya wuce abin da ƙuda zai ɗauka, ga shi yana shiga zumar da ake ba yara da marasa lafiya. Wasu magungunan kuma a kaki suke taruwa su daɗe, shi ya sa masu saye daga Turai suke neman kakin Habasha da na Tanzaniya, inda ba a saba sa wa ƙuda magani ba. Kakin da ake tacewa daga amyar Karaye da Rogo irinsa ne.